Yawon jirgin ruwa daga Dubai: abin da mutumin Maraɗi zai duba kafin ya biya

Tun da hotunan manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa suka fara zagayawa a WhatsApp ɗin ƴan kasuwarmu, duk wanda ya ji cewa ni da Hajiya mun taɓa shiga sai ya biyo shagona da tambaya. Tambayar ba ta wuce biyu: nawa ake biya, kuma ana samun abincin halal? Tambayoyi ne masu kyau, zan kuma taɓa su. Amma abin da na ga yana kayar da mutanenmu a wannan tafiya takarda ce da agogo, kuma ba kasafai ajans ke zama ta yi maka bayaninsu ba.

Ga yadda abin yake. Jirgin otel ne mai tafiya bisa ruwa. Da dare yana tafiya, gari na wayewa ka gan ka a wata tasha, ka sauka ka yi yawo, da yamma ka dawo ɗakinka. Na yankin Larabawa yawanci mako guda ne, ya tashi daga Dubai ya dawo Dubai, yana ya da zango a Abu Dabi, tsibirin Sir Bani Yas, Doha, wani lokaci Baharain, wani lokaci Maskat ko Khasab ta ƙasar Oman. A shekarun baya kamfanoni irin su MSC da Costa sun daɗe suna wannan hanya. Kakarsa daga wajen Nuwamba ne zuwa Maris, domin da zafi ya shigo jiragen sukan koma Bahar Rum. Ga ɗan kasuwar da dama yake zuwa Dubai saro, wannan hanyar ce ta fi sauƙi, shi ya sa zan fi tsayawa a kanta.

Fara da jadawalin tafiyar. Ka ce a ba ka shi a rubuce, da sunan kowace tasha, da ƙarfe nawa jirgi zai iso, da ƙarfe nawa zai tashi. Ka ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin kowace ƙasa, sannan ka tambayi kanka: da fasfon Nijar, me ake buƙata a nan? Amsar da aka ba Bafaranshe ko ɗan Ingila ba taka ba ce, kuma galibin bayanan da ke shafukan kamfanonin su aka rubuta wa. Wasu ƙasashen sukan ba fasinjan jirgi izinin sauka na yini ɗaya ta hannun kamfanin, wasu kuma sai ka zo da bizarka a hannu, duk ya danganta da fasfon da kake riƙe da shi. Kada ka yarda da "ba matsala, Alhaji" ta fatar baki. Ka sa a rubuto maka daga kamfanin jirgin kansa, ka buga a takarda, ka haɗa da fasfo.

Babban tarkon yana Dubai ɗin kanta. Bizar da muka saba karɓa ta zuwa saro sau da yawa ta shiga ɗaya ce. To jirgi zai fita da kai daga Daular Larabawa, wato ƙasar da Dubai take ciki, zuwa Katar ko Oman, sannan ya dawo da kai. Dawowar nan shiga ce ta biyu. Saboda haka biza mai shiga da yawa kake buƙata, kuma hukumomin can suna da irinta da aka tanada don masu yawon jirgin ruwa. Ranar da muka shiga, a layin karɓar kati, akwai wani dattijo ɗan Afirka ta Yamma da matarsa a gabanmu. Ma'aikaciyar ta buɗe takardar bizarsa, ta sa yatsa a wuri ɗaya, ta kira na gaba da ita. Aka ja su gefe. Akwatunansu sun riga sun wuce ciki, sai da aka je aka nemo aka dawo musu da su bisa amalanke. Matar ta zauna kan akwati tana riƙe da baki, shi kuma yana ta kiran wanda ya sayar masa da tikiti, wayar na ringi ba a ɗauka. Ba su hau ba. A ƙa'idar waɗannan kamfanoni, cikar takardu nauyin fasinja ne, kuɗin da ka biya kuma ba ya dawowa. Har yau idan na tuna matar nan raina yana ɓaci, domin tambaya ɗaya da aka yi tun a gida da ta raba su da wannan baƙin ciki.

Sauran takardun ba su da wuya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Karne na rigakafin shawara, mai launin rawaya, ya kasance tare da kai, domin Nijar tana cikin ƙasashen da ake neman sa daga matafiyansu, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka yi inshorar lafiya ta tafiya, saboda likitan jirgi da kuɗi yake duba mutum, kuma da tsada. Mai juna biyu ta sani cewa galibin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta ya kai mako 24. Masu shan magani kullum, na hawan jini ko na suga, su riƙe shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Irin su tramadol da kodin kuwa, Daular Larabawa ba ta wasa da su ko kaɗan, kada ka sa su a jaka da sunan maganin ciwon baya, kada kuma ka karɓi saƙon wani da ba ka buɗe ka gani ba.

Hanyarmu doguwa ce tun kafin a ga ruwa. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda cur a bas idan hanya ta yi kyau. Daga filin jirgin sama na Diori Hamani kuma sai ka canza jirgi a Adis Ababa ko Istanbul ko Kasablanka kafin ka sauka Dubai. Wasu sun fi son bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina su tashi daga Kano, ya fi kusa, amma sai ka bincika halin iyaka da na hanya a makon da za ka tafi. Kowace ka zaɓa, ka isa Dubai kwana biyu kafin ranar jirgin ruwa. Na san kuɗin otel ne ƙari. Amma jirgin sama yakan yi latti, akwati yakan maƙale a wurin canji ya biyo bayanka washegari, kuma idan ka iso jirgin ruwa ya tashi, bin sa zuwa tasha ta gaba daga aljihunka ne.

Ka kuma duba sunan tashar da kyau, domin Dubai tana da biyu. Akwai Mina Rashid, kusa da Bur Dubai da Deira inda muka saba sauka, akwai kuma Dubai Harbour can wajen Marina, nesa sosai, musamman da yamma idan motoci sun cushe. Kada ka ce wa mai taksi "tashar jirgin ruwa" kawai, nuna masa sunan a takardarka.

Yanzu maganar agogo, wadda ita ce zuciyar wannan rubutu. Mun tashi mun saba da motar tasha: sai ta cika take tashi, idan ka je sayen ruwa ɗan kamasho zai ce a dakata akwai mai kujerar nan, direba ya yi ɗan tsaki ya jira. Jirgin ruwa bai san wannan ba. Yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi, akwai matuƙin tasha da ke jiran fitar da shi, akwai fasinjoji dubbai. A bakin ƙofar fita kullum akan kafa allo da lokacin da kowa zai kasance a ciki, galibi rabin awa kafin tashi. Wannan lokacin shi ne naka, ba wanda ke cikin jadawali ba. Ka ɗauki hotonsa da waya duk safiya kafin ka sauka.

Ga kuma inda abin ke rikita mutum. Idan ƙarfe 12 na rana ne a Maraɗi, ƙarfe 2 ne a Doha da Baharain, ƙarfe 3 a Dubai da Abu Dabi da Maskat. Wato tsakanin Dubai da Doha akwai awa guda. Wani jirgin yakan gyara agogonsa ya bi na gari, wani yakan tsaya kan nasa, wayarka kuma tana canza lokaci da kanta ba tare da ta gaya maka ba. Ka ɗaura agogon hannu na gargajiya, ka saita shi da na jirgi kowace safiya. A Maskat muna tsaye a bene na sama da la'asar, muka ji ana ta kiran sunayen mutum biyu a lasifika, ana maimaitawa. Ma'aikata suka janye matakala, suka kwance igiyoyi masu kaurin cinyar mutum, ruwa ya fara buɗewa tsakanin jirgi da gaɓa. Sai ga mota ta shigo a guje, mutum biyu suka fito da ledoji suna ɗaga hannu. Hajiya ta kama hannun rigata ta ce, "Alhaji, don Allah ba za su koma su ɗauke su ba?" Na ce mata ba za su koma ba. Wani ma'aikacin tasha ne ya nufe su da ambulan a hannu. Haka ake yi: idan fasfonka yana wurin jirgi, a bar shi hannun wakilin kamfanin na wannan tashar, shi zai taimaka maka ka nemi jirgin sama. Lambar wayar wakilin tana cikin takardar shirin yini da ake kawowa ɗaki kowane dare. Ka yage wurin ka sa a aljihu.

Wannan ne ya sa nake raba yawon gari gida biyu. Inda abin kallo yake nesa da tasha, gara ka biya yawon da jirgi ya shirya. Ya fi tsada, babu shakka, amma idan bas ɗinsu ta makara jirgi yana jiran ta. Inda gari yake a bakin tasha kuwa, ɓarnar kuɗi ce, ka tafi da ƙafarka ko taksi, ka sa a ranka cewa awa biyu kafin lokaci ka juyo.

Maskat tana cikin na biyun, kuma ita ce ta fi kwanta mini a rai. Jirgi yana tsayawa a tashar Sultan Ƙabus da ke Matrah. Ba a yarda a yi tafiyar ƙasa a cikin tashar ba, bas ce ke kai ka bakin ƙofa, daga nan ka bi gefen teku, ka wuce kasuwar kifi, ka shiga kasuwar Matrah. Rumfuna ne a rufe, lunguna ƙanana, ƙamshin lubban ya cika ko'ina. Hajiya ta tsaya wurin wani tsoho da ya jera lubban kala-kala cikin kwanduna, ya ɗauki ƙwaya ɗaya fara mai ɗan kore ya ɗora kan garwashi don ta ji bambancinsa da ja. A nan ne nake son a buɗe kunne. Mu riyal ɗin Saudiyya muka sani saboda aikin Hajji, kuma dala ɗaya riyal 3.75 ce a can. Riyal ɗin Oman dabam ne: guda ɗaya ya kai dala 2.6, kusan riyal goma na Saudiyya ke nan. Idan mai taksi ya ce maka riyal goma, kusan riyal ɗari na Makka yake nufi. Dinarin Baharain ma nauyinsa kusan haka yake. Ka yi lissafi kafin ka ce to, kuma a gama ciniki kafin ka shiga mota. Babban masallacin Sultan Ƙabus, wanda aka buɗe a 2001, yana can nesa ta hanyar filin jirgin sama. In kana son sa, shi za ka fara zuwa da sassafe, kasuwa ta biyo baya tun da ita ce kusa da jirgi.

Wannan tsarin na fara da nesa a ƙare da kusa shi zan ba da shawara a Abu Dabi ma. Daga tashar Mina Zayid zuwa masallacin Shaihu Zayid kusan rabin awa ne a taksi. An buɗe shi a 2007, shiga kyauta ce, sai dai akan yi rajista, ranar Juma'a kuma lokutan masu ziyara sukan canza. Wanda ya yi salla a cikinsa ba zai yi da-na-sanin kuɗin taksi ba. Doha mai sauƙi ce, tashar tana tsohon bakin ruwan gari, mintuna kaɗan a mota ka isa kasuwar Waƙif da gidan adana kayan tarihin Musulunci. Baharain tashar kaya ce, nesa da Manama, babu inda za ka taka da ƙafa, bas ɗin jirgi ta fi. Sir Bani Yas wurin hutu ne da wanka a teku, akwai kuma yawon kallon namun daji da ake biya dabam. Ni dai ban ga dalilin biya ba, mu da muke wuce raƙuman dawa na Kure a kan hanyarmu ta Yamai, amma yara suna jin daɗinsa.

Ka sa a ranka cewa jadawali yana iya canzawa. Kyaftin yana da ikon tsallake tasha saboda iska ko tsaro, kuma sharuɗɗan tikiti sun ba shi wannan dama. Tun ƙarshen 2023, da hare-hare suka yawaita kan jirage a Bahar Maliya, kamfanoni da dama sun soke tafiye-tafiyensu ta can. Yankin Larabawa ma ba ya rabuwa da ɗar-ɗar. Kada ka gina tafiyar gaba ɗaya a kan gari guda, kuma ka tambayi sharaɗin mayar da kuɗi idan kamfanin ne ya soke.

Kuɗin da ke jikin talla ba shi ne ƙarshe ba. Ana ƙara kuɗin hidimar ma'aikata na kowane dare a kan kowane mutum, ana biyan intanet, ana biyan ruwan gora da lemo a yawancin wurare. A ciki ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin da aka ba ka ranar shiga shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma asusunka. Ko ka haɗa shi da katin banki, ko ka ajiye musu yuro ko dala. Sefa ba ta aiki a can, ka yi canji tun a gida, yuro ɗaya dai sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Za su tallata maka kuɗin abin sha na mako gaba ɗaya, mafi tsadarsa saboda giya ne, bai shafe mu ba, akwai na lemo da shayi kawai in kana so. Wayarka kuma ka sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, domin a tsakiyar teku layin tauraron ɗan adam take kamawa, kuɗinsa kuma ya wuce hankali.

Abinci yana da yawa har ya yi yawa. Kifi, shinkafa, taliya, ganye, ƴaƴan itace, babu mai kwana da yunwa. Maganar nama ka rubuta musu tun lokacin sayen tikiti, ka sake tambayar shugaban masu hidimar abinci a daren farko, ka kuma tambayi miyar da aka sa wa giya, domin girkin Turawa yana da wannan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ganin mashaya da gidan caca ba, akwai Aroya, jirgin Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disamban 2024, babu giya babu caca a cikinsa. Mai son haɗa shi da Umra ya fara tabbatar da cewa bizarsa ta ba shi damar fita Saudiyya ya sake shiga. Goro kuma a bar shi gida in Saudiyya aka nufa.

Salla ba ta gagara. Alƙibla tana juyawa tare da jirgi, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita nake gane alƙibla. Ka tafi da ƙaramar buta da darduma marar nauyi, banɗakin ƙarami ne ƙwarai. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka kai masa jadawalin ya gani da idonsa. Ga iyayenmu mata kuma: kaskon turaren wuta, garwashi, dutsen guga, da butar dafa shayi ta lantarki duk an hana, domin babu abin da jirgi ke tsoro kamar gobara. Na'urar bincike tana ganin su, a riƙe sai ranar sauka. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Kilishi in an bar ka ka shiga da shi, ka ci a ɗaki, kada ka sauka da nama a tashar wata ƙasa. Atisayen ceto da ake yi ranar farko wajibi ne, ka je da iyalinka ku ga wurin taruwarku. An ƙara tsaurara dokarsa bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Mai jin jiri a mota ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, can ne girgiza ta fi sauƙi.

Wani ƙanena da ke zuwa Istanbul saron kaya ya ce mini, "Yaya, ni na Turkiyya zan shiga, ai ina da bizar can." Tashar Galataport da aka buɗe a 2021 tana tsakiyar gari, jirgin ƙasan cikin gari mai lamba T1 yana kai mutum unguwar Sultanahmet, wannan duk daidai ne. Amma yawancin jiragen da ke tashi daga can suna tsayawa a tsibiran Girka, Girka kuma tana cikin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya. Ko ka rantse ba za ka sauka ba, ba za su ɗauke ka babu wannan biza ba. Kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024, wajen jaka 59, ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma, inda a da ake neman ta, a rufe yake tun Janairun 2024, saboda haka sai an fara neman hanya da watanni. A Turai kuma sunan da ke jikin talla sau da yawa ba nan jirgi ke tsayawa ba. An rubuta Roma, alhali tashar Civitavecchia ce, kusan kilomita 80 daga birnin, sama da awa guda a jirgin ƙasa. An rubuta Florence, jirgi yana Livorno. A tsibirin Santorini na Girka ma jirgi ba ya matsowa gaɓa, ƙananan jirage ne ke jigilar mutane, layin komawa kuma yana cin lokaci. Yinin da aka ce maka awa goma ne, in ka cire zuwa da dawowa da jira, abin da ya rage bai fi rabi ba.

Ƴan uwana ƴan kasuwa, kada ku mai da kwanakin jirgi na saro. Ɗakin ba shi da wurin ajiye dila, awannin da ake bayarwa a gari ba su isa ciniki mai natsuwa ba, kuma mai ciniki shi ne ya fi kowa manta agogo. A daren ƙarshe za a ba ku alamar launi ku ɗaura wa akwati ku ajiye a bakin ƙofa, ku bar fasfo da magani da kayan sawa na safe a ƙaramar jaka. Ku duba lissafin asusunku a wannan daren, domin layin safiya dogo ne. Sauka rukuni-rukuni ake yi, ga binciken shige da fice, don haka kada ku yanki tikitin jirgin sama na safiyar ranar. Ku kama otel a Deira kwana biyu ko uku bayan an sauka, ku shiga kasuwar Naif da ta zinariya hankali kwance, ku ba ƴan kargo kayan, sannan ku kamo hanyar Yamai. A lissafa waɗannan kwanakin cikin wa'adin bizar tun ranar da ake neman ta.